Hantar Mashudu Mahauci

A shekarar da ta biyo bayan babbar yunwar tamanin da uku, kowa a Tamale a rame yake, shi ya sa aka daɗe ba a lura da ramar Mashudu ba. Liman ya rame, malaman makaranta sun rame, har matan da ke sayar da abinci a bakin titi ƙasusuwan wuyansu sun fito kamar sun saka sarƙa. In wani ya ce maka wane ya lalace, sai ka dubi mai maganar shi ma, ka yi shiru.

Mashudu mahauci ne ɗan mahauci. Gidansa yana Kasalgu, teburinsa kuma yana babbar kasuwa, na uku in ka shiga rumfar nama. Shekararsa arba'in da tara, talatin da biyar daga ciki ya yi su da wuƙa a hannu. Ba mai yawan magana ba ne. In mai saye ya ce naman nan na jiya ne, Mashudu ba ya rantsuwa, sai ya ce, "Na yau ne," ya ci gaba da wasa wuƙarsa. In kuwa na jiyan ne, sai ya ce, "Na jiya ne," da muryar nan dai.

Matarsa Adizatu, wadda ke dafa shinkafa da wake a bakin titin unguwa duk ranar da aka samu shinkafar, ita ta fara gani. Wata safiya ya fito wanka ba riga, ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa.

Ta ce, "Baban Hasanatu, tsaya. Ko'ina na jikinka raguwa yake yi, wuri ɗaya ne ke ƙaruwa."

A ƙasan ƙirjinsa, ɗan dama kaɗan, wani abu ya taso kamar dunƙulen hannu.

Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Ina jira in ga ko zai koma."

Bai koma ba. An sha saiwa, an sha rubutu, wanzami ya zo ya kafa ƙaho har sau biyu. A kasuwa kuma magana ta fara yawo cewa Mashudu na cin nama a ɓoye, tunda shi kaɗai ne ke yin tumbi a wannan zamani. Ranar da ya sunkuya zai ɗauki cinyar saniya ya kasa miƙewa, ranar Adizatu ta rufe tukunyarta ta sa shi gaba zuwa asibiti.

A lokacin likitoci sun watse, wasu Najeriya, wasu sun wuce can gaba. Wanda suka tarar shi ne Dokta Osman, Badagombe ɗan Savelugu, wanda ya yi shekara tara yana karatun tiyata a Rasha. Bai tafi ko'ina ba saboda tsohuwarsa ta ce ita ba inda za ta. Dogo ne siriri, hannun tabaransa ɗaya ɗaure da zare, Hausarsa kuma irin ta kasuwa, wadda mace da saniya da mota duk "shi" ne. Ya danna cikin Mashudu nan da can, ya ƙwanƙwasa, ya duba idonsa, sannan ya ce akwai wata na'ura a Kumasi mai leƙa cikin mutum, a je a ɗauko hoto.

Kwana biyu Mashudu ya yi a bayan lori, a kan buhunan doya. A Kumasi aka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki, aka ba shi hoto kamar tafin hannu, toka-toka, ba abin da yake gane wa a ciki. Likitan can ya ce wurin da abin ya zauna ba shi da kyau, ya koma gida ya riƙa cin duk abin da ransa ke so. Mashudu ya yi godiya, ko da yake a shekarar ba a cika samun abin da rai ke so ba.

Da ya dawo, Dokta Osman ya ɗaga hoton wajen hasken taga ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wani tsohon kati, ya zana hanta a bayansa.

Mashudu ya leƙa, ya ce, "Ba nan madaciya take ba."

"A mutum nan yake."

"To."

Dokta ya zana da'ira a tsakiyar hantar. Ya ce, "Baba Mashudu, ƙari ne. Da a gefe yake, sai in yanke gefen in jefar, kamar yadda kake yi in ka ga ɓaci. Amma a tsakiya ya zauna. In na cire shi tare da dama, hagu kaɗai ba zai riƙe ka ba. In na cire shi tare da hagu, abin bai fita duka ba. Sai dai in cire tsakiya kawai, in bar maka dama da hagu, kowanne da jijiyarsa. Yanka biyu ke nan, ba ɗaya ba."

Mashudu bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya san wurin. Nan manyan jijiyoyi suke haɗuwa, nan ne in wuƙa ta kuskure jini ke ɓallewa har ya ɓata tebur.

Ya ce, "Ka taɓa yi?"

"Na ga an yi sau huɗu. Ni ina riƙe da ƙarfen buɗe ciki."

"Nawa suka tashi?"

"Biyu."

"Sauran biyun fa?"

"Ɗaya ya mutu a tebur. Ɗayan ban sani ba, an canza mini sashe kafin in ji."

"In ba a yi ba kuma?"

Dokta ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ƙila ka ga farkon damina. Ƙarshensa ban yi alkawari ba."

Mashudu ya tako da ƙafa har Kasalgu, saboda motocin haya suna layin mai tun shekaran jiya. Ya tarar da Adizatu tana tsintar tsakuwa cikin wake. Ya zauna a kan turmi ya faɗa mata komai yadda aka faɗa masa, bai rage ba, bai ƙara ba. Ba ta ɗago kai ba. Hannunta dai ya tsaya cikin faifan, ya daɗe bai motsa ba.

Can ta ce, "In ka mutu bana, ba ni da hatsin sadakar bakwai. Ka duba wannan ma."

Ya ce, "Na duba."

Washegari ya koma ya ce a yi. Ya zaci za a sa masa rana. Sai Dokta Osman ya ce shi bai shirya ba tukuna, idonsa ya ga aikin amma hannunsa bai sani ba, kuma ba ya so ya koya a cikin Mashudu. Yana son hanta sukutum, ba a yanke mata jijiya ba, duk mako, ya gwada hannunsa.

Ya ce, "Gaskiya na alade ya fi kama da na mutum."

Mashudu ya dubi bango. "Ban ji ba, Dokta."

"Na saniya ma zai yi."

Samun hantar ma aiki ne. Fari ya cinye garke, a mayanka shanu biyu ko uku ake kayarwa a rana ga gari guda, masu cicinga kuma, wato masu tsire, tun asuba suke tsaye a kan hanta, don ita ce tsiren da ke fara ƙarewa. Sai da Sarkin Fawa Abdulgafaru, wani tsoho mai ƙaton wuya da ko yunwa ba ta taɓa ba, ya tara mahauta ya yanke magana: duk Asabar, hantar saniyar da ta fi lafiya ta Mashudu ce. Masu cicinga suka yi gunaguni. Sarki ya ce wanda bai yarda ba ya kawo tasa hantar. Saniyar Asabar kuwa yawanci daga wurin Mamadu take zuwa, wani Bafulatani da ke zaune da sauran shanunsa can bayan Nyohini, wanda ya yi shekara ashirin yana ciniki da Mashudu ba su taɓa rabuwa ba tare da faɗa ba.

Haka aka fara. Duk Asabar da hantsi Mashudu zai iso asibiti da hanta cikin kwano, an rufe da ganye. Akwai wani ɗan ɗaki bayan ɗakin marasa lafiya, da tebur na siminti. Mashudu zai tsaga hantar ta ƙasa da bakin wuƙa, ya cusa lemun tsami guda can tsakiya inda Dokta ya nuna, a ɗinke. Lemun shi ne ƙarin. Aikin Dokta shi ne ya fitar da shi da naman da ke kewaye da shi, faɗin yatsa ta ko'ina, ya ɗaure duk jijiyar da ya gamu da ita, ya bar dama da hagu lafiya. Sista Sahada, babbar nas ta ɗakin tiyata, mace gajera da ba a taɓa ganin haƙorinta ba, ita ke riƙe da agogo. A jikin mutum, in an matse jijiyar da ke kawo wa hanta jini, minti goma sha biyar kawai ake da shi kafin a saki, sai a huta biyar, a sake matsewa. Saboda haka duk minti goma sha biyar sai ta ce, "Saki," ko da yake saniyar ta riga ta mutu tun asuba.

Abin da ya fara ba Mashudu mamaki shi ne Dokta ya ɗan ja layi da wuƙa a saman hantar, sannan ya ajiye wuƙar ya sa yatsu. Yana murtsuke naman a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, naman na rugurgujewa, jijiyoyin suna saura kamar zaren gizo, yana ɗaure su ɗaya-ɗaya yana yankewa.

Mashudu ya ce, "Shekara tara a Rasha, da yatsa suka koya maka?"

"Wuƙa ba ya jin jijiya. Yatsa yana ji."

Mashudu ya yi tunani, ya ga gaskiya ne.

In an gama, sai Sista Sahada ta jiƙa bula irin ta wanki, ta zuƙa a babban sirinji, ta ɗura ta babbar jijiya. Duk inda ruwan shuɗi ya ɓullo, nan ne jini zai ɓullo a cikin Mashudu. Asabar ta farko ruwan ya fito ta wuri shida, ya bi teburin ya ɗiga a takalmin Dokta. Su ukun suka tsaya suna kallo.

Mashudu ya ce, "Na mutu ke nan?"

Dokta ya ce, "Ka mutu."

"To, sai Asabar."

Asabar ta biyu ma ya mutu. Ta uku ya mutu tun kafin a kai rabi, saboda Dokta ya ja hantar da ƙarfi wata jijiya ta baya ta yage. A nan ne Mashudu ya kasa haƙuri. Ya wanke hannu ya matso.

Ya ce, "Dokta, ba a jan hanta. Ɗaga ta ake yi. Sa tafin hannunka a ƙasa, ka bar nauyinta ya kwanta maka, ita za ta buɗe da kanta. Kai kana kokawa da ita."

Ya nuna masa. Dokta ya gwada, hantar ta buɗe kamar littafi. Sista Sahada ta dubi Dokta, ta dubi agogo, ta ce, "Saki."

Daga ranar Mashudu ya zama mai gyara. Ya ce almakashin asibiti ko igiya ba za su yanka ba, ya tafi da su gida cikin aljihu, ya zauna a kan dutsen wasa har la'asar, ya dawo da su suna aske gashin hannu. Hantar gwaji kuma ba a zubarwa, ba a wannan shekarar ba. In an wanke bular da kyau, sai a kai wa masu dafa abincin marasa lafiya. Duk Asabar ɗakin maza na shan miyar hanta mai ɗan duhu, wani lokaci mutum ya zaro ƙullin zare daga bakinsa, ya duba, ya ajiye a gefen kwano ya ci gaba.

Asabar ta huɗu ya mutu, amma ta wuri ɗaya kawai. Ta biyar Dokta ya ce rabi da rabi ne, ya danganta da jinin da aka samu. Ta shida ba ko ɗigo. Ta bakwai ma haka. A wannan lokacin Mashudu ba ya iya tahowa da ƙafa, a bayan keken wani maƙwabci ake kawo shi da kwanonsa a cinya, farin idonsa kuma ya fara ɗaukar launin ɗorawa. Dokta ya ja fatar idon ya duba, ya ce ba sauran Asabar, ranar Talata za a shiga.

Saura jini. Firjin ajiye jini ba abin dogaro ba ne a garin da wuta ke zuwa da injin dizal, saboda haka Dokta ya ce a kawo jinin a cikin masu shi, su zauna a benci, in an buƙata a ɗiba. Sarki Abdulgafaru ya kawo mahauta goma sha tara ranar Litinin aka gwada su. Tara suka dace.

Litinin ɗin da yamma Mashudu ya yi sallar la'asar a tsakar gida. Ya yi sujada ta ƙarshe ya kasa ɗagowa, ba don ciwo ba. Tsoro ne ya sauko masa gaba ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya san yadda cikin dabba yake in an buɗe, ya san ɗuminsa da warinsa, kuma gobe shi ne. Ya daɗe a haka. Da ya sallame, ya ga Adizatu zaune a bakin ƙofar ɗaki, ta yi kamar tana gyara tsintsiya.

Ya ce, "Mman Hasanatu, duk abin da na yi miki, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe wasu. Sauran sai ka tashi mu yi maganarsu."

Da safe aka tura shi ɗakin tiyata. Ya lura teburin yana da 'yar kwata a gefe inda ruwa ke bi, irin ta mayanka, amma ya bar wa cikinsa. Dokta Osman ya shigo fuska a rufe, sai tabarau mai zare. Ya ce, "Baba Mashudu, akwai magana?"

"Ɗagawa, ba ja ba."

"Na riƙe."

Mai ba da maganin barci ya ce ya ƙirga. Mashudu ya yi bisimilla, ya kai bakwai.

Abin da ya biyo baya bai gani ba, labari aka ba shi, kowa da irin nasa. An shiga ƙarfe takwas, an fito ƙarfe uku da wani abu. Yankan hagu ya tafi daidai kamar na Asabar. A waje, mahauta na zaune a jere a benci kamar masu jiran aski, Sista Sahada na leƙowa ta nuna mutum da yatsa. Biyu daga cikinsu, mutanen da ke wanka da jinin shanu kullum, da suka ga nasu yana bin roba sai suka sulale ƙasa. Ɗayan Sarki Abdulgafaru ne. Daga baya ya ce barci ne ya ɗauke shi, kuma ba wanda ya musa masa.

A yankan dama ne abu ya ɓaci. Can baya, kusa da babbar jijiyar da ke komawa zuciya, akwai wata 'yar jijiya gajera da mutum ke da ita a inda saniya ba ta da ita. Ta yage. Sista Sahada ta ce jinin ya cika cikin kafin ta ajiye agogo. Dokta Osman ya cusa hannu ya danne wurin da babban yatsa, ya tsaya a haka, ba ya gani, ba ya iya saki. Ya ce a kawo jini. Aka ce mutum taran nan duk an ɗiba.

Sista Sahada ta fita da gudu. A bakin baranda ta ga Mamadu Bafulatani tsugune da sandarsa da ƙwaryar nono, ya zo gaisuwa ne kawai, ba ya cikin lissafi. Ba ta tambaye shi ba, ta kama hannunsa. Aka gwada, ya dace. Aka ɗibi nasa, aka ɗibi na wani direban lori da ya kawo matarsa awo, aka ɗibi na mai gadin ƙofa. Minti ashirin da biyar Dokta na tsaye da yatsa a wuri ɗaya, har jinin Mashudu ya ɗan dawo, sannan ya zame yatsan kaɗan-kaɗan yana ɗinki a bayansa. Mamadu kuwa, da aka sake shi, ya koma baranda jiri na ɗibarsa, ya buɗe ƙwaryar da ya kawo wa mara lafiya ya shanye.

Mashudu ya farka da wani ciwo kamar an ɗora masa turmi a ciki an zauna a kai. Roba a hanci, roba a hannu, wata roba ta fito ta gefen cikinsa zuwa cikin kwalba. Harshensa ya bushe kamar fata. Ya ga Sista Sahada a tsaye.

Da ƙyar ya ce, "Na mutu?"

Ta ce, "Ba yau ba." Ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe.

Kwana uku bayan nan Dokta ya kawo masa abin a cikin babbar kwalba, cikin ruwan magani. Ya fi lemun tsami nesa, ya kai babban mangwaro, fari-fari, da naman hanta kewaye da shi. Mashudu ya ce a juya masa kwalbar. Aka juya. Ya ce a sake juyawa.

Ya ce, "Wannan gefen ya yi kyau. Wannan kuwa kamar kare ya ja."

Dokta ya ce, "A nan ne hannuna ya yi rawa."

Mashudu ya dube shi. Sai a lokacin ya lura likitan ya faɗa, idanunsa sun zurma, ya kwana uku yana zarya tsakanin gadon nan da ofis.  Mashudu ya ce, "Ba laifi. Ya fita dai."

Warkewar ba ta zo da sauƙi ba. Zazzaɓi ya kama shi a rana ta biyar, ya yi kwana huɗu yana kiran sunayen shanun da aka yanka tun zamanin babansa. Ruwan madaciya ya yi ta bin robar gefen ciki yana taruwa a kwalba, kore shar, har mako uku. Jikinsa ya yi ɗorawa ya dawo. Adizatu ta kafa duwatsun murhu a gindin wata bishiyar darbejiya a harabar asibiti, nan take dama masa koko, nan take salla, nan 'yarsu Hasanatu ke kawo mata itace daga gidan mijinta. Ranar da aka fara tsayar da shi, ya taka taku shida zuwa taga yana riƙe da ciki. A waje hadari ya haɗu, wata mata na tuƙa keke da sauri da damin itace a baya tana so ta riga ruwan. Ba wani abu ba ne. Mashudu ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana, hawaye na bin fuskarsa. Adizatu ta ce iskar taga ce, ta mayar da shi gado.

Kwana arba'in da ɗaya ya yi. Ranar sallama Dokta ya gaya masa cewa hanta na tsirowa, nan da wasu watanni dama da hagu za su kumbura su cike gurbin.

Mashudu ya ce, "Shekara talatin da biyar ina yanka hanta, ban taɓa ganin ta tsiro ba."

Dokta ya ce, "Ka taɓa barin saniyan ya tashi bayan ka yanka?"

Mashudu ya yarda bai taɓa ba.

An aika da yankin ƙarin Accra a duba irinsa. Amsar ta yi wata bakwai a hanya. Da ta zo, Dokta ya karanta masa: mugun iri ne, amma an fitar da shi da gefensa duka. Zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa, sai a riƙa zuwa ana dubawa. Mashudu ya ce ai haka kowa yake zaune, ya ninke takardar ya sa a hula.

Ya koma kasuwa bayan girbi. Ɗaukar cinya da saran ƙashi sun fi ƙarfinsa yanzu, sai ya zauna a kujera yana yankan tsoka da awo. Sai kuma wani aiki ya same shi wanda bai nema ba. Mutanen ƙauye da yawa in an ce za a buɗe musu ciki, ko na ƙaba ne, sai su ce za su je su yi shawara, ba a sake ganinsu. Dokta Osman ya fara turo su kasuwa, rumfar nama, tebur na uku. Mutum zai zo ya tsaya yana kame-kame, Mashudu ya gane, ya ajiye wuƙa ya ɗaga riga. Tabon ya taso daga ƙasan haƙarƙarin dama, ya haura tsakiya, ya gangara hagu, da sawun ɗinki kamar bakin buhu.

Matsalar ita ce Mashudu ba ya rage komai. Yana faɗin robar hanci, da zazzaɓin, da koren ruwan cikin kwalba, da ƙishirwar. Wasu daga nan tashar mota suke wucewa. Har Dokta ya zo da kansa wata rana, ya tsaya gaban tebur da kekensa.

Ya ce, "Baba Mashudu, ka riƙa rage labarin kaɗan. Nuna tabo kawai ya isa."

"In sun tambaya fa?"

"Ka ce da sauƙi."

"Ba da sauƙi ba ne."

Dokta ya gyara tabarau, ya hau kekensa. Bai daina turo su ba.

Wata Alhamis wani manomi ya zo daga wajen Yendi, Sumani sunansa, babban mutum mai furfura, da ƙullutu a gefen ciki da takardar asibiti a hannu. Ya kalli tabon tun daga farko har ƙarshe. Ya nemi izini ya taɓa, aka ba shi.

Ya ce, "Akwai zafi?"

"Sosai."

"Har yaushe?"

"Mako uku ba ka son kowa. Bayan nan kana son ruwa. Bayan nan kana son tuwo."

"Ana mutuwa?"

"Ana yi."

Sumani ya goge fuska da tafin hannu. "To don me zan yarda?"

Mashudu ya sauke rigarsa. "Ban ce ka yarda ba. Tambayata ka yi, na faɗa maka."

Manomin bai tafi ba. Ya samu gefen benci ya zauna, ya yi ta kallon Mashudu yana yanka yana awo, yana korar ƙuda, yana faɗa da wata mata a kan kitse. Azahar ta yi suka je masallacin kasuwa tare, suka dawo. Hasanatu ta kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, Mashudu ya tura kwanon tsakiya, suka ci. Sumani na lura da kowace loma da ke shiga bakin Mashudu, har sai da kwanon ya koma fes.

Da la'asar ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya tambayi ta ina ake bi a koma asibiti daga nan. Mashudu ya nuna masa da bakin wuƙa: ya fita ta ƙofar masu doya, ya miƙe, kada ya bi ta tasha.